Wasan gina daula a waya: Mai tara jama'a ke cin maki, ba mai tara dakaru ba

Wata Asabar bayan La'asar ina zaune a wani shagon cajin waya a bakin titin Doguwa, ina jiran wayata ta ɗan sha wuta, sai na ji ƙanena ya ja dogon tsaki ya kife tasa a kan benci. Gabana ya faɗi, don na ɗauka cacar ƙwallo ce ta cinye masa kuɗi, kamar yadda take yi wa samari da yawa a yanzu. Ashe daularsa aka ci da yaƙi.

"Yaya, duba ka gani," in ji shi. "Zagaye kusan 20 ina gina dalar Masar a babban birnina. Ina gamawa maƙwabcina ya zo da dakaru ya karɓe garin, har da dalar."

Kawunmu na gefe yana jiran tasa wayar. Manomin masara ne kuma gwanin dara, bai taɓa yin wasa a waya ba. Ya karɓa ya ƙura wa allon ido.

"Kai, wannan shuɗin zaren ba kogi ba ne?"

"Kogi ne, Kawu."

"To me ya kai ka kafa gari a fako ka bar ruwa? Ga shi ba ganuwa, ba maharbi ko ɗaya. Ai ko a dara, tun wajen jera 'ya'ya ake cinye mutum."

Cikin minti guda dattijon ya gano kurakurai biyu da suka fi kayar da sabon ɗan wasa. Tun daga ranar nake ganin bai kamata a yi wa wannan wasa kuɗin goro da sauran wasannin kashe lokaci ba. Wasa ne da yake saka wa mai tanadi da haƙuri, yake kuma hukunta mai son burga. Idan dai matasanmu za su riƙe waya, kuma sun riga sun riƙe, gara su riƙe ta a kan abin da zai sa su lissafi da wanda zai tatse musu aljihu.

Ga dabarun da na koya bayan shan kaye da yawa, ga kuma inda nake ganin masu sukar wasan suna da gaskiya.

Wane irin wasa ne?

Sunansa Civilization. Wani mai tsara wasannin kwamfuta a Amurka, Sid Meier, shi ya fitar da na farko a 1991. Na shida ya fito a 2016, na bakwai kuma a watan Fabrairun 2025.

Wasan yi-in-yi ne kamar dara: ka yi naka, ka danna, sauran sarakuna su yi nasu, sannan abin ya dawo kanka. Babu gaggawa, saurin yatsa ba ya amfanar kowa. An yanka taswirar gida-gida. Kana farawa ne da ayarin masu kafa gari da jarumi guda a shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a na shida wasan yana ƙarewa a 2050, bayan zagaye 500 idan aka bar shi a saurinsa na asali.

Na shida ya shigo wayoyin Android a 2020, kuma ana ba da zagaye 60 na farko kyauta, sai dai yana son waya mai ƙarfi da fili mai yawa. Mai ƙaramar waya ya nemi Unciv. Kyauta ne, ba shi da nauyi, ba ya buƙatar data bayan an sauke shi, kuma ƙa'idojin na biyar yake bi. Alƙaluman da zan kawo na na shida ne tare da ƙarinsa mai suna Gathering Storm da ya fito a 2019, amma tushen dabarar ɗaya ne.

Mu ma muna ciki. A na biyar akwai Askia na Songhai. A na huɗu da na shida akwai Mansa Musa na Mali. A na bakwai kuwa an saka Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabannin da mutum zai zaɓa, tana magana da Hausa. Daga nan Doguwa, Zazzau maƙwabciya ce: kana wuce iyakarmu ta kudu ka nufi Saminaka ka shiga ƙasarta.

Daga ina maki ke fitowa?

Ana cin wasan ta hanyoyi daban-daban: ta kimiyya, wato ka riga kowa aika ayari sararin samaniya, ta al'adu, wato ka fi kowa jan baƙi masu yawon buɗe ido, ta mamaya, wato ka ƙwace babban birnin kowace daula, ta addini, da ta diflomasiyya. Idan lokaci ya cika ba wanda ya kai ga ɗaya daga cikinsu, mai maki mafi yawa shi ne zakara.

Ga yadda ake lissafin. Kowane gari maki 5. Kowane mutum guda a ƙidayar gari maki 1. Kowace fasaha da ka gano maki 2. Kowane darasin tsarin mulki maki 3. Kowane gwarzo da ka samu, masani ko attajiri ko marubuci, maki 5. Ginin al'ajabi, irin dalar da ta ruɗi ƙanena, maki 15. Unguwanni da gine-ginen cikinsu su ma suna ƙara nasu.

Lura da abu biyu da babu su a jerin: yawan soja da tarin zinariya. Ko ka cika taswira da dawakai, ko baitulmalinka ya tumbatsa, ba za a ba ka maki ɗaya a kansu ba.

Yanzu yi lissafin da kanka. Ginin al'ajabi 15 ne, sau ɗaya. Sabon gari 5 ne, idan jama'arsa suka kai 10 ya zama 15, ka ƙara makin unguwanninsa da gine-ginensa, sannan kowane zagaye yana ba ka ilimi da kuɗi da ke kawo wasu makin. Ginin al'ajabi kuma guda ɗaya ne a duniya; idan wani ya riga ka kammalawa ko da zagaye ɗaya ne, ka yi asarar kaso mai yawa na aikin da ka zuba. Wannan lissafi shi ne ƙashin bayan duk abin da zai biyo baya.

1. Tun ran gini, ran zane

Shawara mafi nauyi a wasan ita ce ta zagayen farko: ina za a kafa gari? Gari a bakin kogi ko tafki yana farawa da gurbin zaman mutum 5. Na bakin teku 3. Na fako, inda babu ruwan sha, 2 kacal. Da jama'a sun kusa cika gurbin, haihuwa ta ja baya, maki ya tsaya. Kowane mutum kuma yana cin abinci 2 a kowane zagaye, don haka rarar abinci ce ke sa gari girma.

Nemi wurin da ya haɗa ruwa da fadama da tuddai. Fadama ta ciyar da gari, tuddai su ba shi ƙarfin aiki. Ka tuna yadda Kano ta soma a gindin Dutsen Dala, inda ake samun tama, ga ƙasar noma kewaye da shi.

Amma kada ka yi ta yawo kana neman wurin da babu aibi. Zagaye ɗaya ko biyu ya isa. Duk zagayen da ka yi ba gari, maƙwabtanka suna gini. Bayan an kafa, gina rumbu da wuri, yana ƙara gurbin mutum 2 da ɗan abinci.

2. Fara da ɗan leƙe

Abin farko da ya kamata garinka ya fitar shi ne ɗan leƙe, mai saurin tafiya. Shi zai nuna maka inda za ka kafa gari na biyu da na uku, ya tsinto kyaututtuka a ƙananan ƙauyuka, ya gano sansanin 'yan hari kafin su gano ka. Idan kai ne ka fara haɗuwa da ƙaramin birni mai cin gashin kansa, za ka samu wakili a can kyauta.

A nan ne kuma ake samun rangwamen da wasan ke kira Eureka. Kusan kowace fasaha tana da ɗan aikin da idan ka yi shi za a rage maka kashi 40 cikin 100 na wahalar gano ta. Haɗuwa da wata daula yana rage kuɗin fasahar rubutu. Noma gidan da ke da shinkafa ko alkama yana rage na ban ruwa. Kashe abokin gaba da mai majajjawa yana rage na harbin baka. Buɗe wurin fasa dutse yana rage na gini da dutse. Tura fatake yana rage na kuɗi.

Kafin ka zaɓi fasaha, karanta sharaɗinta. Mai bin waɗannan rangwame zai tsere wa wanda ba ya bi da zagaye masu yawa, alhali ilimin da suke samarwa ɗaya ne.

3. Faɗaɗa da wuri, amma da ma'auni

Fili ba ya jira. Gari na biyu da na uku su fito kafin maƙwabta su mamaye wurare masu kyau. Akwai katin manufa da ke ƙara saurin haɗa ayarin kafa gari da kashi 50 cikin 100. Da ka buɗe shi ka saka, ka fitar da ayari biyu ko uku a jere, sannan ka canza shi. Kowane ayari yana rage mutum guda a garin da ya fito, kuma tsadarsa na ƙaruwa, saboda haka kada ka tura shi ba rakiyar jarumi. 'Yan hari suna kama shi kamar akuyar da ta ɓata.

Inda ma'auni ya shigo shi ne walwala da biyayya. Kowane nau'in kayan marmari, kamar sukari ko auduga ko azurfa, yana faranta wa garuruwa 4 ne kawai. Na biyu irinsa ba ya ƙara komai, don haka sayar da shi ga wata daula. Garin da ka kafa nesa da jama'arka, kusa da na wani, biyayyarsa za ta yi ta zubewa har ya ɓalle. Tura masa hakimi, ko ka kafa garuruwanka kusa da juna.

Tarihin yankinmu ya san wannan. A shekarun 1840 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano kan rikicin haraji, suka shige duwatsun Ningi. Daga nan aka samu daular da ta daɗe tana kai hare-hare kudancin Kano, har Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Talakan da aka matsa wa ba ya zama.

Mai buga Unciv ya ƙara kula, don can farin cikin daula a dunƙule ake lissafa shi, kuma kowane sabon gari yana rage shi. Manyan garuruwa huɗu masu ƙoshi sun fi ƙanana goma masu ƙunci.

4. Arzikin ƙasa ba ya aiki sai an taɓa shi

Sabon ɗan wasa yakan ga ƙarfe ko dawaki ko shinkafa a cikin iyakarsa ya yi murna, ya wuce. Ba za su ba ka cikakken amfani ba sai magini ya je ya yi gona ko mahaƙa ko makiyaya a kansu. Magini guda aiki 3 yake yi ya ƙare, don haka fara da gidajen da jama'arka ke aiki a kansu yanzu.

Bayan haka sai fatake. A na shida, fatake ne ke shimfiɗa hanya duk inda suka bi. Idan ka tura su tsakanin garuruwanka suna kawo abinci da ƙarfin aiki, abin da sabon gari ke buƙata. Idan ka tura su waje suna kawo zinariya. Kada ka bar gurbin fatake ko ɗaya a banza.

Masu tsara wasan sun gane cewa ƙarfin daulolin Afirka ta Yamma a kasuwa yake. Mali ta Mansa Musa tana da rauni wajen gini da hannu, amma mahaƙanta suna zubo zinariya, don haka da kuɗi take sayen abin da wasu ke ginawa. Amina ma, ban da ƙarfin da dakarunta ke samu a fili da hamada, baiwar da aka ba ta ta kasuwa ce: garuruwanta suna ɗaukar ƙarin kaya, kowane kaya kuma yana kawo zinariya. A zahiri ma, Muhammadu Rumfa da ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ganuwa, amma Kasuwar Kurmi da ya kafa ita ce har gobe take ci.

Mu a nan muna da misali a gida. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai ke haƙo kuza suna narkarwa, fatake suna kai ta kasuwanni. Farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, babban aikin haƙar ya kwanta. Ma'adinin yana nan a cikin dutse, amma kasancewarsa kaɗai bai gina wa kowa makaranta ba.

5. Tsara unguwanni kafin ka gina

A na shida, makaranta da kasuwa da maƙera ba a cikin gari ake cusa su ba, kowace tana da unguwarta a gida guda na taswira. Yawan jama'a ne ke ba ka izini: unguwa ta farko da mutum 1, ta biyu da 4, ta uku da 7, ta huɗu da 10. Ka ga an sake dawowa kan abinci da ruwa.

Wurin da ka ajiye unguwa yana da tasiri har ƙarshen wasa, don ba a tayar da ita. Unguwar ilimi tana samun ƙarin ilimi 1 daga kowane tsauni da ke maƙwabtaka da ita. Unguwar kasuwa tana samun ƙarin zinariya 2 idan tana bakin kogi. Unguwanni da ke manne da juna suna ƙarfafa juna. Tun ranar da ka kafa gari ka ware wa kowace wurinta, kada ka yi gona a inda makaranta za ta zauna.

Idan ka rasa abin da za ka fara da shi, fara da unguwar ilimi, ka bi da ta kasuwa. Ilimi yana kawo maki kai-tsaye, yana kuma buɗe duk sauran abubuwa.

Garin da ke bakin kogi mai ambaliya ya samu dam. Yana hana ɓarnar ruwa, yana kare abinci lokacin fari, yana ƙara gurbin zama, daga baya ya ba da lantarki. Wanda ya san Dam ɗin Tiga da ke Bebeji, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya kuma ga tumatir da shinkafa da alkamar da ruwansa ke fitarwa a Kadawa da Kura da Bunkure, ba ya buƙatar dogon bayani.

6. Ba a fafe gora ranar tafiya

Cewa soja ba ya kawo maki ba ya nufin a zauna ba tsaro. Sarakunan da kwamfuta ke juyawa suna duba ƙarfinka, idan suka ga ka yi sako-sako za su zo, ko da jiya kun yi musayar kyauta. Maharba 3 ko 4 da jarumi ɗaya ko biyu sun isa tsare ƙaramar daula a farkon wasa. Ajiye su a kan tudu ko bayan kogi. Garin da ke kan iyaka ya samu ganuwa, don ganuwa tana ba gari damar yin harbi da kansa.

Idan ɗan leƙen 'yan hari ya hango garinka, tare shi kafin ya koma sansani. In ya koma, taron dangi za su yi maka.

Sannan kada ka bar makamanka su tsufa. Ajiye zinariya don sabunta dakaru duk lokacin da sabuwar fasaha ta fito. A farkon Fabrairun 1903, rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta iso Bebeji, gari mai ganuwa. Da igwa suka fasa ƙofar. Ranar 3 ga watan suka shiga Kano, birnin da ganuwarsa ta yi ɗaruruwan shekaru tana korar mahara. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba a ranar. Makami ne ya sha bamban. A wasan ma haka yake: wanda ya tsaya a baka da kibiya alhali maƙwabci ya kai ga bindiga, ganuwarsa ado ce.

Gaskiya ne cin garin wani da yaƙi yana ƙara maki, tunda gari da jama'arsa sun dawo hannunka, kuma gwanaye suna yin hakan da wuri. Amma dogon yaƙi yana gajiyar da talakawa, walwala ta ragu, sauran dauloli su ƙulla maka gaba, garin da ka ci ya yi ta neman ɓallewa. Idan za ka yi, ya zama gajere, mai manufa guda.

7. Taura biyu ba ta taunuwa

Wajen zagaye na 100 ka tsaya ka duba: me ƙasata ta fi ba ni? Mai tsaunuka ya bi kimiyya. Mai yawan marubuta da gine-ginen tarihi ya bi al'adu. Ka zaɓi hanya ɗaya ka karkata komai gare ta. Mai son ya fi kowa a kowane fanni yakan tashi na biyu a duka. Ka riƙa leƙa allon matsayi kuma, don ka san wanda ya kusa cin wasan ta wata hanyar.

Idan da maki za a raba gardama, zagaye 30 na ƙarshe suna da nasu salo. Kashe duk zinariyarka wajen sayen gine-gine da gwaraza. Koma ka kammala ƙananan fasahohi da darussan mulki da ka tsallake, tunda makin mai araha da mai tsada ɗaya ne. Kafa gari a duk filin da ya rage, ko tsibiri ne. Mayar da jama'a kan noma don ƙidaya ta ƙaru. Kada ka soma ginin da ba zai kammalu ba kafin lokaci ya cika.

Matakan wahala 8 ne. Sabon shiga ya fara daga ƙasa, ya hau zuwa na huɗu inda kusan kowa ke farawa daidai. Daga nan zuwa sama, fifiko ake ba kwamfuta tun daga farawa.

Inda masu suka suke da gaskiya

Na farko, wasan ɓarawon lokaci ne. Duk wanda ya buga ya san cutar "bari in ƙara zagaye ɗaya". Ni kaina na taɓa farawa bayan Isha'i, ban farga ba sai da na ji kiran Assalatu, ga aikin da zan miƙa da safe ban taɓa ba. Amfanin wasan yi-in-yi shi ne yana jira. Ajiye shi, ba abin da zai motsa. Ka yanke wa kanka adadin zagaye kafin ka fara. Wanda wasa ya hana shi sallah a kan lokaci, ko zuwa gona, ko karatun jarrabawa, an cinye shi ko da ya ci duniya a allo.

Na biyu, akwai abubuwan da ba kowa zai natsu da su ba. Wasan yana ɗaukar addini tamkar wata dabara ta neman rinjaye, akwai kuma kiɗa. Ana iya kashe kiɗan, ana iya cire nasara ta addini wajen shirya sabon wasa, a Unciv ma akwai tsarin ƙa'idojin da babu kafa addini a ciki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, kuma iyaye su duba abin da yaro ke bugawa.

Na uku, kuma wanda ya fi damuna: wasan yana nuna ƙasa kamar ba mai ita. Duk wanda ba ya cikin daula sunansa ɗan hari marar wayewa, maganinsa kashewa. Mutanen Ningi da na ambata suna da malamansu da sarakunansu da dalilansu. A allo kana danna dam ya tsaya, ba wanda ya yi kuka. A Tiga sai da aka tashi ƙauyuka, kuma manoma da masunta na fadamun Hadeja da Nguru sun ga canji a ruwan da ke isa gare su. A allo sare daji dabara ce ta samun ƙarfin aiki nan take, gwanaye suna yin ta. Dajin Falgore kuwa, idan masu gawayi suka gama da shi, babu maɓallin sake sabon wasa.

Saboda haka a ɗauke shi a matsayin wasan motsa ƙwaƙwalwa. Tarihi kuma a neme shi a littafi da bakin dattawa.

Taswirar da aka ba mu

Wani dare na ce wa ƙanena ya ɗauka an ba shi yankinmu a matsayin taswirar farawa. Ga Kogin Kano ya ratsa Falgore ya zuba a Tiga. Ga duwatsun Riruwai da ma'adinansu. Ga ƙasar masara a Doguwa, ga shinkafar Tudun Wada, ga titin da ya taso daga Kwanar Dangora ya bi ta cikinmu ya nufi Jos. Ya yi dariya ya ce duk ɗan wasan da ya samu irin wannan ba zai sake neman wata ba.

Na ce to me za ka fara ginawa?

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Rumbu, Yaya. Sai makaranta. Sai hanyar da za ta kai kaya kasuwa. Da 'yan tsaro kaɗan a bakin daji."

"Dalar fa?"

"Sai an ƙoshi."

Yaron da makonni kaɗan baya ya zuba dukiyar daularsa a ginin burga, yau shi ke jera abubuwa bisa muhimmancinsu. Nan gaba kaɗan masu neman ƙuri'a za su zo mana da alƙawuran manyan gine-gine. Ina so su tarar da matasan da suka saba tambaya: nawa zai ci, me za a bari don a yi shi, mutum nawa zai ciyar?

Kawu dai har yanzu ya ƙi karɓar wayar ya gwada. Ya ce darar ƙasa ta ishe shi, ita ba ta cin caji. Amma duk lokacin da ƙanena zai kafa sabon gari, sai ya kai masa allon ya duba tukuna.